Shekara huɗu a ajin Japananci: wane mataki ɗalibi ya kai a JLPT?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku ɗauka ga wata ɗaliba a sakandare a Amurka, shekara huɗu tana shiga ajin Japananci. Tana iya gaisawa da baƙo, ta ba da labarin hutunta, har ta rubuta wa ƙawarta wasiƙa. Sai a tambaye ta wane mataki take a JLPT, ta rasa amsa. Ba laifinta ba ne, domin mudun da makaranta ke awo da shi daban yake da na wannan jarrabawa.

JLPT ita ce babbar jarrabawar gwada ƙwarewar baƙi a Japananci, kuma tun 1984 ake yin ta. Daga 2010 aka raba ta mataki biyar: N5 a ƙasa, N1 a ƙololuwa. Ana zama a watan Yuli da na Disamba, amma a Amurka sai Disamba kaɗai.

Hanya mafi sauƙi ta kwatantawa ita ce ƙirga kanji, wato haruffan da Japanawa suka aro daga Sin. Masu shirya jarrabawar sun daina fitar da jerinsu, amma malamai na riƙe da tsohon ƙiyasi: N5 kusan 100, N4 kusan 300, N1 kusan 2,000. To, GCSE ta Japananci, jarrabawar ɗaliban sakandare a Birtaniya, tana neman 200. AP ta Japananci, jarrabawar ɗaliban sakandare a Amurka, wadda aka fara a 2007, tana neman 410. Da wannan lissafi, mai GCSE yana tsakanin N5 da N4, mai AP kuwa ya haye N4 yana hango N3.

Sai dai ƙirgar nan tana ruɗi. Ku dubi harafin da ke kan allo: 生. Ɗalibarmu ta san shi tun shekarar farko, a cikin gakusei, wato ɗalibi, inda ake karanta shi sei. A umareru, wato a haifi mutum, ya koma u. A ikiru, rayuwa, ya zama i. A kan kwalin abinci kuma sai ka ji an ce nama, ba naman miya ba, ma'anarsa ɗanye. Harafi ɗaya ne a jerin makaranta, amma JLPT za ta iya tare ka da kowace fuska tasa, agogo kuma yana tafiya.

Ga kuma abin da ya fi damuna. A JLPT ba a magana, ba a rubuta jimla ko ɗaya. Zaɓi ne kawai daga cikin amsoshin da aka jera, a kan kalmomi da nahawu da karatu da sauraro. A jarrabawar AP kuwa ɗalibi yana zama gaban kwamfuta, ya buga rubutu da Japananci, ya yi magana a naɗi muryarsa. Ke nan babban kaso na wahalar da ya sha a aji, takardar JLPT ba ta ganin sa ko kaɗan. Shi ya sa ba na jin daɗi in ji an ce wa yaro "ai N4 ce kawai", alhali bakinsa ya buɗe da harshen.

Kuma ba a tsallake ta da ƙarfin ɓangare ɗaya. A N3 ana neman maki 95 cikin 180, amma kowane ɓangare sai ka samu aƙalla 19 cikin 60. Kunnenka ya kai duk inda ya kai, in karatu ya gaza, ka faɗi.

Me ya sa ake damuwa da takardar? Saboda ita ake nema a Japan. Bizar ƙwararrun ma'aikata da aka buɗe a 2019 tana karɓar N4. Kamfanoni da yawa sai N2, inda ake karanta jarida, a fahimci keigo, harshen girmamawa na ofis. Tsakanin ƙarshen sakandare da N2 akwai tafiya mai nisa, galibi sai an haɗa da jami'a ko zama a Japan.

Ga ɗalibarmu, shawarata ita ce ta shiga shafin JLPT na intanet, akwai samfurin tambayoyi kyauta. Ta fara da N4, ta ajiye agogo a gabanta, ta ga ko za ta gama ɓangaren karatu kafin lokaci ya cika. In ta gama da saura, ta yi rajistar N3 ta Disamba.