Lucy Thompson, matar da ta rubuta labarin mutanenta da kanta

To jama'a assalamu alaikum, na baya ku ɗan matso don lasifikar nan ba ta da ƙarfi. Yau zancenmu a kan wata mata ne 'yar ƙabilar Yurok, mutanen asali na arewacin Kalifoniya a Amurka, mazauna bakin kogin Klamath har inda ya faɗa teku. Sunanta na yare Che-na-wah Weitch-ah-wah, Turawa kuma suka san ta da Lucy Thompson, don ta auri wani Bature Milton Thompson a 1875.

A ƙauyen Pecwan aka haife ta cikin shekarun 1850, ku lura da lokacin fa, lokacin da masu neman zinariya suka yi wa yankin tsinke, aka kashe mutane aka ƙwace filaye, ga cututtuka ga giya, a cikin wannan ruɗanin ta buɗe ido. Kuma ba 'yar kowa da kowa ba ce, gidansu na Talth ne, wato masu riƙe da sirrin addini da bukukuwan gargajiya, ita ma an horar da ita a kai.

A 1916 ta fitar da littafinta To the American Indian a garin Eureka. Me ya kai ta? Ta gaji ne. Baƙi su zo su yi 'yan kwanaki, su tambayi wanda bai ma san kan abin ba, su koma su rubuta littafi wai sun san Yurok. Mu nan ai ba sai an yi mana bayanin wannan ciwon ba. Sai ta ce bari mai ɗaki ta faɗi inda yake yoyo.

Wurin da ya fi kama ni a littafin shi ne shingen kifi na ƙauyen Kepel. Duk shekara sai a taru a sare itace a gitta shinge a kogin don tare kifin salmon, da addu'o'i da ƙa'idoji, a yi kwana goma ana kama na ci da na shanyawa, daga nan a buɗe, a bar sauran kifin ya haura wurin mutanen sama ya je ya yi ƙwai. Kwana goma kawai! Ita kuwa tana kallo da idonta kamfanonin kifin gwangwani sun kafa a bakin kogin suna kwasa ba dare ba rana, ta kuma rubuta cewa hakan zai ƙarar da kifin.

Ni dai a ganina ba komai nata za a haɗiye ba, 'yar manyan gida ce kuma da idon manyan gida take kallon talakawansu, akwai ma inda take kamanta Talth da Mason, wata ƙungiyar sirri ta Turawa da mijinta yake ciki. Amma daga ciki take magana.

Ta rasu a 1932, littafin ya yi ta kwanciya har 1991 da kamfanin buga littattafai na Heyday ya sake buga shi, a 1992 aka ba shi lambar American Book Award, shekara sittin bayan mutuwarta. Kogin kuma, a 2002 dubban kifaye suka mutu saboda ƙarancin ruwa, Yurok da maƙwabtansu suka yi ta fafutuka har aka rushe madatsun ruwa huɗu da suka tare kogin, aka gama a 2024, kuma a Oktoban shekarar aka ga salmon ya haura har jihar Oregon. To mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirufo.