Sayans ko Ats: Maganar da Aka Yi wa Iyayen 'Yan Aji Uku

Wani tsohon malamin Kemistiri ne ya gabatar da wannan lacca a taron iyaye da malamai na wata makarantar kwana a Gombe. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, malamai abokan aikina, iyaye maza da mata, barkanmu da zuwa. Na ga wasu tun daga Dukku da Bajoga suka taso, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

An ce in yi magana kan rabon aji. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, yaro yakan yi shekara uku a ƙaramar sakandare, ya rubuta BECE, wato jarrabawar gama aji uku, sai a aji huɗu a raba su: wannan Sayans, wannan Ats, wancan Kwamashal. Rabon nan na yini ɗaya ne, ana liƙa takarda a allon sanarwa shi ke nan, amma shi zai bi yaro har ƙofar jami'a. Domin JAMB darussa huɗu take yi, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake nema ne ke zaɓa maka. Mai son likitanci sai Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya a jami'ar ATBU ta Bauchi sai Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya ba makawa sai Adabin Turanci. Abin da yaro bai karanta a aji huɗu ba, ba zai tsince shi a ɗakin jarrabawa ba.

To ina matsalar? Ku yi haƙuri, Alhazai, yawanci daga wajenku take. Shekarun da na yi ina aiki, ban taɓa ganin uban da ya zo ofis yana roƙon a mai da ɗansa Ats ba. Kullum maganar ɗaya ce: "Malam, a taimaka, likita nake so ya zama." In ka buɗe masa sakamako ka nuna masa Lissafin, sai ya ce ai zai gyara.

Bari in ba ku labarin wani yaro. A wata makarantar da na taɓa koyarwa, ni ne hawusmasta. Wani dare bayan an tashi firef, wato karatun dare, an kashe janareta, ina zagayen ɗakunan kwana sai na hango haske bayan ɗakin cin abinci. Na ɗauka masu shan sigari ne, har na gyara riƙon bulala. Ashe yaro ne zaune kan bokiti, tocila a baki, littafin Kemistiri a cinya, ga kwanon garin kwaki da bai ko taɓa ba. Lokacin hunturu ne, yana ta rawar ɗari. Na ce me kake yi nan? Ya ce, "Malam, sau biyar na karanta shafin nan." Lissafin mol ne, wato ma'aunin yawan sinadari a Kemistiri. Na zauna na yi masa bayani, ya ce ya gane, amma idonsa ya nuna mini kunyata kawai yake ji. Wannan yaron shi ke ciyo mana kofin muhawara. In ya tashi magana a asembili har siniyoyi shiru suke yi. Mahaifinsa ne ya sa aka cire shi daga Ats. Sau biyu ya rubuta WAEC, Fiziks da Kemistiri suka ƙi. Ni ma ina da nawa laifin, don ni na sa hannu a takardar.

Abin da ya sa na fi damuwa da makarantar kwana ke nan. Ɗan jeka-ka-dawo in abu ya ishe shi, uwarsa za ta gani a fuskarsa kafin magariba. Na kwana kuwa, daga ƙararrawar asuba sai shara, sai layin wanka, sai aji, sai gabza, sai firef. Ba wanda zai tambaye shi ko ya gane. Ranar ziyara ku zo da dambun nama da ƙuli-ƙuli, ku ce ya karatu, ya ce alhamdu lillahi, ku hau mota.

Mu malamai ma kada mu wanke kanmu. Mu muka mai da Ats juji, duk wanda ya faɗi Lissafi a tura shi can, har yara suna yi wa juna gori da shi. Alhali alƙalin da zai yanke maka hukunci daga can ya fito. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da yake kwance a Bauchi, malamin makarantar Midil ne kafin ya zama Firayim Minista, kuma da bakinsa duniya ta san shi.

Kada wani ya fita ya ce Malam ya hana Sayans. Asibitocinmu na neman likitoci, musamman mata. Yarinyar da Lissafinta ya yi kyau, ko tana tsoro a ƙarfafa mata gwiwa, kada a ce ai mace ce a kai ta inda ya fi sauƙi.

Abin da nake roƙo, kafin ku tafi yau ku nemi fom masta, ku karɓi sakamakon shekara ukun duka, kada ku tsaya a na BECE kaɗai. Ku ja yaron gefe, ba a gaban ƙannensa ba, ku tambaye shi wane darasi ne in an kaɗa ƙararrawa yake jin haushin an tashi. In kuma an riga an yi kuskure, zangon farko na aji huɗu ana iya sauyawa. In aka shiga aji biyar, karatun shekara guda ya wuce shi, rama shi sai an sha wuya.

Na ga Hajiya can baya ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata abin magana.