Sakacin Asibiti: Yadda Ake Bin Haƙƙi a Gaban Doka a Sakkwato

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Sakkwato ya san maganar da ake fara faɗa idan aiki ya ɓaci a asibiti, wato haka Allah Ya ƙaddara, sai haƙuri. Magana ce ta gaskiya wadda babu Musulmin da zai yi jayayya da ita, sai dai yarda da ƙaddara bai taɓa toshe ƙofar neman haƙƙi ba, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne zai ɗauki lamunin abin da ya ɓata. Imamu Malik kuma ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa idan mai magani ya yi kaciya ya wuce iyaka har ya yanke kan gaba, akwai diyya a kan hakan, kuma ana ɗaukarsa a matsayin kuskure. Saboda haka mutumin da ya nemi bahasi a kan cutar da aka yi masa a asibiti bai fita daga tawakkali ba.

Abin da ke da wuya shi ne bambance sakaci da abin da ya fi ƙarfin likita, domin doka ba ta ɗora wa likita alhakin warkar da kowa ba. Abin da ta ɗora masa shi ne ya yi aiki da irin ƙwarewa da kulawar da ake tsammani daga kowane likita na gari mai matsayi irin nasa. Wannan ma'auni ya samo asali ne daga wata shari'a da aka yi a Ingila a shekarar 1957, kuma kotunan Najeriya suna aiki da shi. Idan aka yi wa mutum tiyata yadda ilimi ya tanada, aka ba shi maganin da ya dace, amma duk da haka rai ya yi halinsa, babu sakaci. Amma a ce an kai yaro mai zazzaɓi wani ƙaramin asibiti, aka soka masa allura a ɗuwawu a wurin da bai kamata ba, allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke sauka zuwa ƙafa, yaron da ya shigo da ƙafafunsa ya fita yana jan ƙafa ɗaya, to a nan akwai tambayar da dole a amsa. Haka nan idan aka ƙara wa mace jinin da bai dace da nata ba, ko aka rufe ciki bayan tiyatar haihuwa aka bar auduga a ciki.

Mai ƙara ne ke da nauyin kawo hujja. Sai ya nuna cewa likitan ko asibitin ya karɓe shi a matsayin marar lafiya, wanda katin asibiti kaɗai yakan isa ya tabbatar, sannan ya nuna cewa an gaza yin abin da ya kamata, kuma ya nuna cutar da ta same shi. Inda ƙararraki da yawa suke faɗuwa shi ne wurin ɗaure gazawar da cutar. A ce an ɗauko mai naƙuda daga wani ƙauye na Tangaza ko Gwadabawa bayan ta kwana biyu tana zubar da jini a gida, aka iso asibiti aka bar ta awa uku ba a duba ta ba, daga baya ta rasu. Jinkirin awa ukun nan laifi ne a idon kowa, amma lauyan asibiti zai tashi ya ce ko da an duba ta nan take ba za ta rayu ba, domin jininta ya riga ya ƙare tun a hanya. Kotu za ta so a gamsar da ita cewa da ba don wannan jinkiri ba, mai yiwuwa ne ƙwarai da ta tsira, kuma ba mijinta ko mahaifiyarta ne za su iya gamsar da kotu a kan wannan ba, sai wani likita.

Akwai wata shari'a da Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2006 da ya kamata duk mai niyyar kai ƙara ya san ta. An yi wa wata mata tiyata a wani asibiti a birnin Benin na Jihar Edo, daga baya hoton ciki ya nuna guntun allurar ɗinki da ta karye aka bar shi a cikinta. Duk wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, abin da ya faru ya isa shaida. Amma likitocin sun shiga akwatin shaida sun yi bayanin cewa allurar ɗinki tana iya karyewa ba tare da sakacin kowa ba, ita kuwa matar ba ta kawo ƙwararren likita ko ɗaya da zai rushe wannan bayani ba, sai ta faɗi tun daga kotun farko har zuwa ta ƙarshe. Samun likitan da zai tsaya ya yi shaida a kan ɗan'uwansa likita ba abu ne mai sauƙi ba, musamman a gari irin Sakkwato inda manyan likitoci suka san juna, wasu ma malaman wasu ne. Shi ya sa lauyoyi sukan nemo ƙwararre daga wata jiha, kuma yana da kyau a lissafa kuɗin wannan tun farko.

Shi kuwa ƙwararren ba zai iya cewa komai ba sai ya ga takardu. Fayil ɗin marar lafiya shi ne ƙashin bayan shari'ar, domin a cikinsa ake rubuta lokacin da aka karɓi mutum, da wanda ya duba shi, da maganin da aka ba shi, da bayanin tiyata, da awon da ma'aikatan jinya suka riƙa yi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa kowace cibiyar lafiya ta ajiye bayanan marasa lafiyarta, sannan kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya amince da haƙƙin mutum na samun bayanan lafiyarsa. A rubuta takardar neman kwafin fayil da rahoton likita zuwa ga shugaban asibitin, a tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe, kuma a yi wannan da wuri, tun kafin a fara cewa fayil ya ɓace. A gida kuma a samu leda ɗaya a tara komai a ciki: kati, rasit na kowane kuɗi, sakamakon gwaji, hoton sikanin, takardar sallama, har da kwalin magani da kwalbar allura. Idan an ɗauki hoton rauni da waya, kada a sayar da wayar ko a goge hoton, domin Dokar Shaida ta 2011 tana da sharuɗɗa a kan shaidar da aka ciro daga na'ura. Wanda ya yi zaman jinya ya rubuta abin da ya gani tun bai manta ba, da ranaku da awoyi.

Idan rasuwa aka yi, akwai wata matsala ta musamman a wurinmu. Muna gaggauta yi wa mamaci sutura kamar yadda addini ya koyar, kuma da wuya iyali su yarda a yi wa gawa binciken likita, alhali wannan bincike ne yake nuna ainihin sanadin mutuwa. Shawara ce da ta rage ga iyali, amma aƙalla kada a bar asibiti ba tare da neman takardar shaidar mutuwa wadda aka rubuta sanadi a cikinta ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Dokar da ke ba jami'an gwamnati kariya ta tanadi cewa duk ƙarar da za a kai jami'in gwamnati a kan abin da ya yi ko ya gaza yi a bakin aikinsa, a shigar da ita cikin wata uku, kuma Kotun Ƙoli ta fassara cewa kariyar ta haɗa har da hukumomin gwamnati su kansu. Manyan asibitocin da jama'ar Sakkwato suka fi zuwa na gwamnati ne, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na tarayya ne, Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha kuma na jiha, don haka tambayar farko da lauya zai yi ita ce ta wane ne asibitin kuma yaushe abin ya faru. Ku lissafa da kanku: matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, wato ranar da za ta fita wata ukun sun riga sun wuce. Akwai 'yan togaciya a cikin dokar waɗanda lauyoyi ke kafa hujja da su, amma ganganci ne a dogara da su. Bugu da ƙari, dokokin da suka kafa hukumomi da dama suna buƙatar a aika musu sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Abin da ya dace shi ne wani daga cikin dangi ya ga lauya tun ana cikin zaman makoki.

Ƙofofin da ake bugawa ba aiki ɗaya suke yi ba. Ana iya farawa da koke a rubuce ga hukumar gudanarwar asibitin, kuma cibiyoyin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi. Idan abin da ake so shi ne a hukunta likita a kan aikinsa, sai a je ga Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, a shigar da koke ta hanyar takardar rantsuwa. Kwamitin bincikenta zai duba, idan ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya yi wa likita gargaɗi, ko ta dakatar da shi har zuwa wata shida, ko ta soke sunansa daga rajista baki ɗaya. Ma'aikatan jinya da ungozomomi suna da tasu majalisar daban. Amma a sani cewa waɗannan majalisu ba sa ba da diyya ko ta sisin kwabo, kuma jiran hukuncinsu ba ya dakatar da wa'adin kotu. Idan kuma sakacin ya yi muni har ya kai ga rasa rai, ko aka gano mai aikin ba likita ba ne, to magana ta zama ta 'yan sanda da dokar manyan laifuka.

Diyya tana fitowa ne daga Babbar Kotu, inda aka saba haɗa ma'aikacin da asibitin da ya ɗauke shi aiki a ƙara ɗaya, tun da ubangida yana ɗaukar alhakin abin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Kuɗin da aka kashe, kamar na tiyatar gyara da magani da zirga-zirga, sai an lissafa su dalla-dalla an tabbatar da su da rasit, shi ne amfanin ledar nan da muka ambata. Raɗaɗi da naƙasa da asarar hanyar neman abinci kuwa, alƙali ne ke ƙiyasta su. Takardar amincewa da aka sa hannu kafin tiyata, wadda mutane da yawa ke zaton ta ɗaure su, amincewa ce da a yi aikin tare da haɗarinsa da aka sani, ba izinin yin sakaci ba ce. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ya nemi a nuna masa hanya. Kafin nan a kiyayi hawa Facebook ana kiran sunan likita ana ce masa makashi, domin hakan na iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna a kan wanda aka cuta.

Shari'a irin wannan tana iya cin shekaru, musamman idan aka ɗaukaka ƙara, saboda haka da yawa sukan ƙare ne a sulhu, wani lokaci da sa bakin dattawa ko malamai. Sulhu alheri ne, amma a yi shi a rubuce, a fayyace adadin kuɗi da ranar biya da wanda zai ɗauki nauyin maganin da ya rage nan gaba. Idan asibiti ya miƙo takarda tare da wani abu da ya kira taimako, kada a sa mata hannu ko a dangwala yatsa sai lauya ya karanta, domin sau da yawa a cikinta akwai layin da ke cewa an yafe duk wata ƙara daga ranar.