Amsoshin Tambayoyinku: Sulallan Mai Zane

Jama'a barkanmu da warhaka. Lokaci ya ja, bari mu buɗe jakar wasiƙu.

Wani bawan Allah daga Tudun Wada yana tambaya ko an soke sulallan naira 1 da naira 2 na 2007. Ba a soke su ba, malam, tsadar kaya ce ta kore su daga kasuwa.

Sai wata ɗaliba daga Samaru, kuma da yawanku kun aiko da irin tambayarta. Yayanta ya kawo mata tsarabar sulalla mai launi daga Kanada, wai na karrama wani mai zane ne. Ta duba ayyukansa a intanet, ba mutum ba gida, sai fenti birjik. Ta ce, wannan ma zane ne?

Haba ƙanwata, ke da ke maƙwabtaka da sashen zane na ABU! Sunan mai zanen Jean Paul Riopelle, haifaffen Montreal a 1923, ya rasu a 2002. A 2023, da ya cika shekara 100 da haihuwa, Kanada ta buga dala 2 da aikinsa a jiki, guda miliyan 3. Kuma kuɗin kashewa ne. Na sake faɗa, kuɗin kashewa ne, ana sayen burodi da shi. Ga malamin zane tare da mu. Malam, bismillah.

To, shi dai da wuƙar fenti ya fi aiki, yana shafa shi da kauri kamar yaɓe. Amma ni mamakina Bazazzagi ya ce bai san irin wannan ba. Ku dubi dagi a goshin zaure, ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga. Akwai fuskar mutum? Ku shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina ku ɗaga kai. Nan garin ne ma a 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai, suka kafa ƙungiyar masu zane...

Malam, a gafarce ni, lokaci. Ni dai abin da ya taɓa ni, mun sa Ladi Kwali da tukwanenta a bayan naira 20, kuma ya yi kyau matuƙa. Ina fatan ganin ranar da za a yi wa ɗaya daga cikin ɗaliban nan na Zariya haka.

Ƙanwata, kada ki goge shi da toka ko lemon tsami, launin zai tashi. Ki naɗe shi a ƙyalle ki adana.