Sharhi: Abin Da Ya Kamata A Lissafa Kafin A Sauke Kwalayen Kwamfuta A Makaranta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa cikin aji ne, inda ake ta maganar shigar da kwamfuta da majigi da wayar salula cikin koyarwa.

Maganar ta riga ta zama dole. Tun 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir ta koma kwamfuta kacokan, a farkon 2024 kuma WAEC ta fara yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba sai ranar jarrabawa, ko da ya san amsa, rabin hankalinsa na kan yatsunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. To amma tsakanin sayen na'ura da ƙaruwar ilimin yaro akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tsakanin ne kuɗin jama'a ke salwanta.

Duniya ta riga ta gwada raba wa kowane yaro kwamfuta. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya fito da shi daga jami'ar MIT ta Amurka a 2005, har makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ya zo a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan waɗannan kwamfutoci. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantu 319 na karkara, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar ƙwarai, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. A Kisumu ta ƙasar Kenya kuwa an gwada hanyoyi uku lokaci guda: wasu makarantu aka ba yara na'urar karanta littafi, wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, wato tablet, wasu kuma jami'an da ke zagayawa duba malamai kaɗai aka ba, alhali dukkansu suna da littattafai da horo iri ɗaya. Karatun yara ya inganta a rukunan uku, ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba, sai dai na kuɗi, domin bai wa kowane yaro na'ura ya ninka sauran tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ta fara da hannun malami.

Yanzu mu zo kan wuta, wadda ita ce ke fara kashe irin waɗannan shirye-shirye. Masu haɗa sola suna ninka ƙarfin na'ura da yawan awannin da za ta yi aiki. Batirin kwamfutar hannu ɗaya yana shan kamar wat-awa 25 kafin ya cika. Guda 20 sun zama 500, idan aka haɗa da abin da ke ɓacewa a inbata da caja sai a lissafa 700. Majigi mai ƙwan fitila yana jan kusan wat 300, ke nan awa 3 a rana sun ci 900. Jimilla 1,600. Farantin sola mai wat 300, da awa 5 na rana mai ƙarfi irin tamu, a takarda 1,500 zai bayar, amma zafi da ƙura suna rage shi zuwa wajen 1,100. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, sai dai rabi kawai ake taɓawa, in an saba zuƙe shi ƙarƙaf ba zai shekara da lafiyarsa ba. Kun ga ke nan faranti ɗaya da batir ɗaya ba za su ɗauki majigi da cajin kwamfutoci tare ba. A ƙara faranti na biyu, kuma a yi cajin da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke zuba kai tsaye. A lokacin hunturu a riƙa goge farantin da tsumma mai laushi da ruwa sau biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Zafi ma abokin gaba ne. Batirin waya da na kwamfutar hannu ba ya son caji idan zafi ya haura digiri 45, kuma akwatin ƙarfe a rufe cikin ofis mai rufin kwano ba silin, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, yana iya kai wannan. Akwatin caji ya zama mai ramukan shan iska, kada a jibga na'urori kan juna. Duk wadda aka ga bayanta ya kumbura ko gilashinta ya ɗago, batirin ne, a cire ta daga hannun yara nan take.

Wasu sukan ce to a sayi talabijin mana, tunda mai inci 43 wat 70 kacal yake ja. Gaskiya ne, kuma ya fi majigi juriya. Matsalar ita ce girma. Ƙa'idar masu harkar ita ce mai zama a layin ƙarshe kada nisansa ya wuce tsayin hoton sau 6. Tsayin fuskar talabijin mai inci 43 bai fi santimita 54 ba, wato rubutun da ke kai ba ya karantuwa sosai bayan mita 3 da 'yan kai. Ajinmu kuwa yakan kai mita 8 ko 9, da yara 70 ko fiye. Irin wannan aji yana bukatar hoto mai tsayin kusan mita ɗaya da rabi, wanda majigi ne kawai zai bayar da araha. A nemi mai hasken lumen 3,000 zuwa sama, domin ƙananan nan masu arha da ake tallatawa ba sa ganuwa da rana. Ba sai an sayi farin kyalle ba, bango mai farin fenti marar ƙyalli ya wadatar. A rufe tagogi biyu na kusa da hoton kaɗai, in an rufe duka zafi zai hana yara zama. Kuma ga abin da ke kashe majigi tun yana sabo: akwai soso a gefensa mai tace ƙura, idan ya toshe na'urar ta ɗau zafi ta riƙa mutuwa da kanta a tsakiyar darasi. A cire shi a kakkaɓe duk mako lokacin ƙura. In an kashe majigi, a bar fankar cikinsa ta tsaya da kanta kafin a zare waya daga soket. Wayar HDMI kuma, wadda ke kai hoto daga kwamfuta zuwa majigi, a ajiye ta biyu, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai abin da za a nuna. Darasin da ya dogara da intanet kai tsaye a cikin aji, darasi ne da ke hannun sabis, malami na tsaye hoto na juyawa, aji ya kaure da surutu. A sauke komai tun kafin ranar, sau ɗaya, a raba wa sauran malamai ta katin memori ko Xender. Akwai manhajar Kolibri, kyauta ce, ana ɗora ta kan tsohuwar kwamfuta ko kan ƙaramar na'urar Raspberry Pi da ba ta jan wat 10, ta riƙa watsa darussa ga na'urorin ajin ta Wi-Fi ba tare da ko sisin data ba. In na'urorin sun haura goma a haɗa mata rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, don ita kaɗai ba ta iya ɗaukar taro. Manhajar Kiwix na ba da Wikipedia a sauke. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, yana bin manhajar karatun ƙasa kuma akwai darussa da Hausa. Ga 'yan firamare, African Storybook da Bloom suna da ƙananan littattafan labari da Hausa da za a iya haskawa a bango a karanta tare. A kula da katin memori na jabu, wanda aka rubuta masa 128 alhali cikinsa bai kai haka ba; alamarsa ita ce fayil ya shiga amma ya ƙi buɗewa. A cika shi taf a gwada kafin a dogara da shi. Malamin da ke rubuta darasi da Hausa kuma ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa, ya duba a kan majigin tun da wuri, domin wasu nau'o'in rubutu suna mayar da ƙ da ɓ da ɗ akwatuna, yaro ya rasa gane ƙofa ake nufi ko kofa.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne mintuna 40 ɗin darasin kansu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kunna bidiyo mai minti 25, yara su zuba ido kamar gidan kallo, a tashi ba wanda ya rubuta ko ya faɗi komai. Nazarin da aka yi kan miliyoyin kallon darussa a dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna ko manya hankalinsu na fara janyewa bayan minti 6. Ga misalin yadda za a yi, da darasin kewayen lantarki, ta amfani da gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado, wato kwaikwayon gwajin kimiyya a kan kwamfuta, waɗanda ake saukewa kyauta su yi aiki ba intanet. Minti 5 na farko majigi a kashe. Malami ya zana batir da ƙwai biyu a jere kan waya ɗaya a allo, ya tambaya: in na cire ƙwai ɗaya, me zai sami ɗayan? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi, da dalili. Wannan rubutun shi ne ginshiƙi, domin wanda ya riga ya faɗi ra'ayinsa shi ke kallo da neman sani. Sannan a kunna, yarinya ɗaya ta fito ta cire ƙwan a kan hoton, ɗayan ya mutu. A sake haɗawa ta yadda kowane ƙwai ke da hanyarsa, a sake neman hasashe, a cire, wannan karon ɗayan ya ci gaba da ci. Minti 10 ke nan ko 12. A kashe majigi, a raba su rukuni-rukuni su zana kewayen biyu, su yi bayanin dalilin da ya sa ƙwan ɗaki ɗaya ke mutuwa a gida ba tare da na sauran ɗakuna sun mutu ba. In da hali a kawo batirin tocila da ƙwai da guntun waya su haɗa da hannunsu, don gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi gani zama a kai. Na'urar ba ta ci ko sulusin lokacin ba.

Minti 5 na ƙarshe na auna fahimta ne. Akwai manhajar Plickers, inda kowane yaro ke ɗaga katin takarda mai alama, malami ya zagaya kyamarar wayarsa ta tattara amsoshi, ya ga wa ya gane wa bai gane ba. Katinta 63 ne iyaka. Ajin da ya fi haka, kwali mai A, B, C, D ya isa, malami ya ƙirga da ido. Idan sama da sulusin aji suka faɗi tambaya ɗaya, gobe da ita za a fara.

In kwamfutocin hannu 20 ne ga yara 80, kada a ce huɗu su taru kan ɗaya, mai ƙarfin cikinsu zai riƙe, yawanci kuma 'yan mata ne ke komawa 'yan kallo. A raba ajin biyu, rabi suna aikin littafi, rabi suna kan na'ura bibbiyu, ɗaya na taɓawa ɗaya na karantawa, su yi musaya bayan kowace tambaya. Kowace na'ura a rubuta mata lamba, a san masu riƙe ta, a kulle ta da manhajar da ke hana fita zuwa wasanni.

Game da ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, tana sauƙaƙa wa malami tsara tambayoyi da jadawalin darasi, amma takan kawo amsar da ba daidai ba cikin cikakken ƙarfin gwiwa, kuma Hausarta na bukatar gyara. Duk tambayar da ta fitar, malami ya warware ta da kansa kafin ta isa allo. Sunayen yara da makinsu da hotunansu kuwa amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shardanta izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka ba a zuba su a kowace manhaja ko zauren WhatsApp.

Horon malamai ba taron kwana uku a otal ba ne. Abin da ke aiki shi ne awa ɗaya duk mako a cikin makarantar, malami ya gwada darasin da zai yi gaban 'yan'uwansa, da na'urar da zai yi amfani da ita, har ya iya haɗa waya da majigi cikin minti 2. Kuma a daina kulle kaya a ofishin shugaban makaranta don tsoron lalacewa, batirin da ya yi watanni a ajiye ba caji mutuwa yake yi. A buɗe rajistar ɗauka da mayarwa, a naɗa malami ɗaya mai kula, kwamitin gudanar da makaranta ya ware kuɗin caja da gilashi da batir duk shekara tun ranar da aka sayi kayan.

Ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ko kwamfuta 5 ce a makaranta, a tsara musu layi tun zangon farko. Kowane ɗalibi ya zauna aƙalla sau 4 kafin jarrabawa, da agogo na tafiya, ya saba da danna A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya, kuma ya san cewa S na miƙa aiki ne, ba a taɓa shi sai an gama.