Daga Deira zuwa Tudun Hatsi: Turancin kasuwa

Assalamu alaikum mutanen Gombe, na Jekadafari da Pantami da Bolari, ina gaishe ku. Yau ina Deira, tsohuwar unguwar fatake a Dubai. Ku yi haƙuri da hayaniyar, masu turin kaya ne ke wucewa. Ƙanena da ke taya Baba a Tudun Hatsi ya turo mini saƙon murya, wai yana so ya fara sayo kaya daga waje amma Turancin kasuwa na ba shi tsoro. To ƙane, buɗe kunnenka. Wallahi yawancin abin nan ka riga ka san shi, suna ne kawai ya bambanta.

Dubi layin nan, ba masaka tsinke. Irin wannan wuri ake kira "bustling", wato mai hada-hada, kamar Tudun Hatsi da kaka, sa'ad da manyan motoci ke jere ana lodin masara da wake. Ba ɗaya ba ne da "crowded", wanda cunkoso ne kurum, ko gidan biki ma yana cika. Garin da kaya ke shigowa su sake bazuwa kuwa "hub" ne, cibiya ke nan. Dubai ta zama haka musamman bayan an buɗe tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a 1979. Gombenmu ma cibiya ce, tunda tana iyaka da jihohi 5: Borno, Yobe, Adamawa, Taraba da Bauchi.

Shagon nan mai katan-katan har rufi, sari kawai suke yi, shi ne "wholesale". Mai sayarwa ɗai-ɗai yana "retail". Dillali "broker" ne, la'adarsa "commission". Tayawa da ja-in-jar ciniki "haggling". Sai dai a nan ba mai ce maka albarka in tayinka bai yi ba. Kalkuleta zai miƙo maka, ya danna farashinsa, kai ma ka danna naka. In ya ce "minimum order", yana nufin ba ya sallama ƙasa da wani adadi, misali dozin 10.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Zuwana na farko na sari takalman yara a wani shago, na ba da rabin kuɗi, aka ba ni takarda mai hatimi, na cusa a aljihu hankali kwance. Ranar ɗaukar kaya yaron shagon ya ce in biya duka. Ashe "invoice" aka ba ni, takardar da ke lissafa kaya da abin da ake bin ka. Ba ta shaidar ka biya ko sisi. Mai shaidar biya ita ce "receipt", rasit ɗin da muka sani. Kuɗin da na bayar kuma kafin alƙalami ne, "deposit", ba a kuwa rubuta shi ko'ina ba. Kwana biyu ina zarya, cikina ya ɗuri ruwa, domin kuɗin na mutane ne. Allah Ya taimake ni mai shagon ya dawo daga tafiya ya tuna da fuskata. Tun daga ranar, kowane dirhami na bayar sai na ga an rubuta "paid" an sa hannu.

Ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da "freight", kuɗin dakon kaya har Najeriya, don kuɗin kwastan daban yake.

Yanzu na iso bakin ruwa. Waɗannan ƙananan jiragen katako abra ake ce musu, dirhami 1 suke tsallakar da mutum zuwa Bur Dubai, inda kasuwar yadi take. Can za mu ci gaba da kalmomin awo da launi. Ƙane, ka gaishe da Baba da su Inna, ka kuma rubuto mini kalmar da ta shige maka duhu. Bari in hau, jirgin ya kusa cika.