Amsoshin Tambayoyinku: Saƙar Sprang

Jama'a masu sauraro, wata baiwar Allah daga Damagaram ta rubuto mana tana cewa ta ga hoton wata ragar rufe gashin kai da aka tono a ƙasar Denmark, an ce da dabarar sprang aka yi ta, shi ne take son a bayyana mata yadda wannan aiki yake da kuma abin da ya raba shi da saƙar da muka sani.

To Malama, masaƙinmu yana ja zaren tsaye ne, sannan ya riƙa jefa ƙoshiya tana ratsa shi da zaren kwance. A sprang kuwa babu zaren kwance ko ɗaya. Ana ɗaura zaruruwa a tsaye tsakanin sanduna biyu, na sama da na ƙasa, sai mai aikin ta sa yatsu tana sarƙa kowane zare da maƙwabcinsa layi bayan layi, kamar mai kitso. Da yake bakin zaren a ɗaure yake ta kowane ɓangare, duk murɗar da ta yi a sama sai irinta ta fito a ƙasa a juye, saboda haka takan zura siririyar sanda ta tura murɗar ƙasan ta danne ta. Haka aikin zai yi ta matsowa daga sama da ƙasa har ya haɗu a tsakiya, inda dole a ɗaure shi da igiya ko a kulle layin ƙarshe, in ba haka ba gaba ɗayansa ya warware. Abin da yake fitowa raga ce mai buɗewa idan an ja ta, ta koma yadda take idan an saki, kuma a ganina wannan ne babban darajarta, domin mutane sun samu tufa mai talewa tun ba a san roba ba.

Ragar da kika gani mai yiwuwa ita ce ta Borum Eshøj, wani tudun kaburbura a Denmark, wadda aka samu a 1871 a kabarin wata mata da aka binne cikin akwatin itace wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Masar ma busasshiyar ƙasa ta adana huluna da ragogin gashi masu yawa na zamanin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, kuma mutanen Peru na dā sun san dabarar.

A ƙarni na 18 hafsoshin sojan Turai suna ɗaura ɗamarar siliki da aka yi ta wannan hanya. Ta Janar Braddock na Ingila, wanda ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙi a 1755, ta koma hannun George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, kuma tana ajiye a gidan Washington na Mount Vernon a Amurka. Har yanzu a yankin Punjab na Pakistan da Indiya akwai matan da suke yin mazagin wando da wannan saƙa.